Ranar da Na Hana Alhaji Lawali Kwanciyar Dama

Akwai ranar da na so in manta da ita, ta ƙi mantuwa, wato ranar da Alhaji Lawali ya shigo mini ɗakin duba marasa lafiya da wata baƙar jaka a hannu, matarsa tana biye da shi. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina sanye da farar riga, na ga haihuwa na ga mutuwa, amma in kuka ce in zaɓo muku rana guda daga cikin aikin nan, ita zan zaɓo. Ba don na yi abin kirki a cikinta ba. Tunda kun matsa sai tsoho ya ba ku labari kafin ku koma bakin aiki, to ku gyara zama. Akwai ɗan abin dariya a farkonsa, ku yi dariyarku tun da wuri.

A lokacin ina majo a asibitin da nake aiki a Madarunfa, shekara biyu bayan an karya darajar sefa. Ga wanda bai san tsarinmu ba, majo shi ne babban ma'aikatan jinya. Shi ke tsara wanda zai kwana aiki da wanda zai huta, shi ke riƙe da makullin ɗakin magani, shi ke duba yawancin masu zuwa da safe, sai abin da ya gagare shi ya tura wa lokotoro. Lokotoro kuwa, wato likita, shi ne shugaban kowa. A shekarar nan aka turo mana sabuwar lokotoro daga Yamai, mace, na ba ta shekara goma sha biyar. A baki ina ce mata Doktor, a zuci ina cewa ni zan koya wa yarinyar nan inda ake ajiye almakashi. Ban taɓa yi mata rashin kunya ba, amma kuma ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofarta na ce ga abin da ban sani ba.

Alhaji Lawali direba ne, motar tasa ce ta kansa, irin wadda muke kira bashe. Yana ɗaukar mutane da kaya daga Madarunfa, ya bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya, buhunan wake da gyaɗa a ƙasa, masu buhunan a sama. Gajere ne kakkaura, wuyansa ya haɗe da kafaɗa, ga fara'a, ga son raha. Duk tashar an san shi da abu biyu, kyauta da minshari. In kwana ya kama su a hanya, 'yan'uwansa direbobi nannaɗe tabarminsu suke yi su koma bayan rumfa. Ana ta yi masa tsiya yana dariya, har abin ya daina ba da dariya, domin gyangyaɗi ya fara kama shi da rana tsaka. An taɓa tsayar da shi a shingen duwan, wato kwastan, kafin ma'aikaci ya gama duba takardunsa ya yi barci, mota tana kunne, ƙafarsa a kan birki. Sarkin tasha ya kira shi gaban manya ya ce in aka sake ganin haka za a cire shi daga layi, domin rayukan mutane yake ɗauka. Mutum ne da bai iya wata sana'a ba, tun yana saurayi sitiyari ya sani.

Yana da wa da ya daɗe da zama a Jidda. Da Alhaji ya je umara sai wan ya ji irin barcinsa, ya tsorata, ya kai shi asibiti a can. Suka kwantar da shi dare guda da wayoyi a jiki, suka gano cewa in ya yi barci naman maƙogwaronsa saki yake yi ya toshe hanyar iska, numfashi ya ɗauke, sai jiki ya firgita ya farka ya ja iska, ya koma. Haka yake yi har gari ya waye ba tare da ya sani ba, shi ya sa yake tashi kamar bai kwanta ba. Suka ba shi mashin. Ku yanzu kun san shi, wasunku ma sun taɓa sa wa mutum, amma a wancan zamanin ban ji ko a Maraɗi akwai mai irinsa ba. Ɗan akwati ne mai hura iska ta cikin tiyo zuwa wani takunkumin roba da ke rufe hanci, ana ɗaure shi da maɗauri a ƙeya. Iskar ce ke tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ƙarfinta kuma guda ne, yadda aka saita shi a can haka zai yi ta hurawa, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Alhaji ya ƙi jinin a ce masa takunkumi, ya ce shi ba jakin da ke cin hatsin mutane ba ne. Hular hanci yake kiransa. Ya sayi ƙaramin gurup, wato janareto, yana tayarwa a bayan ɗaki, fetur kuwa ba wuya tunda kullum yana ƙetare iyaka.

Wata biyun farko abin ya yi kyau. Idonsa ya washe, ya daina gyangyaɗi a masallaci, sarkin tasha da kansa ya yi masa barka. Sai ga shi ran nan da safe, cikin bazara, da jakar nan da Hajiya Hadiza, matarsa, a bayansa. Idonsa guda ya yi ja yana hawaye.

Ya ce, "Majo, hular ga ta hwara yi mini tsiya. In na kwanta bisa dama sai ta goce, iska ta riƙa hura mini ido kamar ana mini tohi. Ga shewa tana yi, Hajiya ba ta samun kwana. Ka duba mini, ko ta lalace ne?"

Wallahi ban taɓa ganin irin na'urar nan ba sai ranar. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in tashi in taka taku biyar in kira Doktor. Tana nan cikin ofishinta, ina jin motsin kujerarta. Amma ga Alhaji yana kallona da idon mutumin da ya zo wurin masani, ga ƙananan ma'aikata biyu sun leƙo suna son ganin abin mamaki. Sai na karɓi jakar na zuge ta kamar kullum ina zuge irinta. Na sa aka tayar da gurup ɗin asibiti, na ce wa Alhaji ya hau gadon gwaji.

A nan ne hanyar aikinmu ta yaudare ni. Duk wanda ya hau gadon nan, rigingine muke kwantar da shi. Mai ciwon ciki rigingine, mai juna biyu rigingine, wanda za a sa wa ruwa rigingine. Tun muna makaranta haka muka ga ana yi, har ya zama a kanmu kwanciyar marar lafiya ke nan. Alhaji ya kwanta rigingine, na ɗaura masa takunkumin, na kunna. Na bi gefen robar da yatsa, babu inda iska ke fita. Na kara kunne, babu shewa. Idonsa biyu yake, yana kallon rufi, numfashi yana tafiya lafiya lau. To me zai hana? Ai mai farke maƙogwaronsa ba ya rufewa. Wannan bai zo mini a rai ba.

Na ce, "Alhaji, mashin lafiya lau yake. Kai ne kake juyawa kana ture shi. Daga yau rigingine za ka riƙa kwana."

Ya ɗaga takunkumin ya dube ni. Ya ce, "Majo, rigingine? Ni tun ina yaro bisa dama nika kwana, hannu ƙarƙashin kunci, haka malam ya koya muna. Sunna ce hwa. Ko can Jidda haka na kwana da sunka gwada ni."

Ya faɗa mini amsar da bakinsa, kun ji ko? Ni kuma ban ji ba, domin ina shirya abin da zan mayar masa. Na ce masa addini ya san lalura, ko salla ana yin ta a zaune in tsayuwa ta gagara, kuma waɗanda suka ƙera na'urar nan ba su ƙera ta don mai danne ta da kunci ba. Na yi wa'azi na yi likitanci a numfashi guda, har ni kaina maganar ta burge ni.

Sai Hajiya Hadiza ta yi magana daga bakin ƙofa, inda take tsaye da mayafinta. Mace ce marar yawan magana, sai da ta yi gyaran murya sau biyu. Ta ce, "Majo, a yi haƙuri. Ni dai abin da na sani, in ya kwanta rigingine nan ne lumfashin shike ɗaukewa sosai. Har sai na zungure shi ya koma bisa dama kana in ji ya sauka. Shekara ashirin ina ji."

Na yi murmushin nan namu na masu farar riga, kun san shi, kuna yin sa. Na ce, "Hajiya, wancan kafin mashin ne. Yanzu mashin ke yin aikin da kike yi, ki kwanta ki huta." Ƙananan ma'aikatan suka yi dariya, Alhaji ma ya yi. Ita ba ta yi ba, ta dai sunkuyar da kai ta gyara mayafi.

A cikin jakar akwai takardar asibitin can, shafi uku, da Ingilishi. Ni da Faransanci aka koya mini aiki, Ingilishina bai wuce na cinikin kasuwar Jibiya ba. Na jujjuya ta, na hango lamba takwas, na duba jikin mashin na ga shi ma a kan takwas yake, na ce to komai daidai. Na mayar da ita jaka. Sannan na ja maɗaurin takunkumin na tsuke shi sosai don kada ya sake gocewa, na ba shi maganin ɗigawa a ido. A babban littafin da muke rubuta kowane marar lafiya, na sa sunansa da ciwon ido, a gaba na rubuta cewa an ba shi shawara. Mashin ko ambatonsa ban yi ba, don kada Doktor ta gani ta yi tambaya.

Da zai fita ya tsaya ya ce, "To Majo, tunda kai ka ce, shi ke nan. Allah shi yahe muna."

Bayan kamar kwana goma na gamu da shi a tasha. Karan hancinsa ya yi gyambo inda robar ke dannawa. Ya ce shewa ta daina, ido ya warke, sai dai yana tashi bakinsa a bushe kamar ya ci garin rogo ba ruwa. Muna magana ya yi hamma har sau uku. Na ce zafin bazara ne, kowa ma haka yake ji, ya biyo asibiti in ba shi man shafawa a hancin. Ya biyo, na ba shi, na ji daɗi a raina cewa na yi maganin abin da ko lokotoro ba ta san da shi ba.

Hajiya ta sake zuwa, ita kaɗai, ranar allurar yara. Ta kawo jikarta. Layi ya kai har gindin dogonyaro, ga mata sun zo tun daga Safo da Gabi a kan amalanke, kowa tana son ta koma kafin rana ta take. Da layi ya zo kanta, ina cikin zuƙo allura, ta sassauta murya ta ce, "Majo, zancen Alhaji. Abin nan ya dawo hwa. Da mashin ɗin da komi shina ɗaukewa, bakinshi buɗe, iska na hita ta nan." Ban ko ɗago kai ba. Na ce ta ce masa ya zo da kansa. Na san sarai ba za ta iya ce wa mijinta ta kai ƙararsa asibiti a bayan idonsa ba, kuma na san shi ba zai zo ba, tunda a ganinsa an riga an gyara. Na tsira wa yarinyar allura, ta tsala kuka, na ce mai bi mata ta matso.

Kwana shida bayan nan, ranar kasuwar Jibiya, wajen ƙarfe biyu na rana, muka ji mota ta shigo da gudu tana oda. Jandarma ne da mutanen hanya, sun kwaso waɗanda suka yi haɗari. Motar Alhaji Lawali ce. Ya baro Ɗan Isa da kaɗan, hanya miƙaƙƙiya, babu rami babu dabba, wanda ke zaune kusa da shi ya ce kawai gani ya yi kan Alhaji ya sunkuya. Motar ta sauka ta daki gawo. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Akwai karaya, akwai wadda ta rasa haƙora, akwai wani dattijo da muka yi wa ɗinki a ka. Mafi muni shi ne na direban, domin ƙarfen gaba ya murƙushe masa ƙugu da cinyar dama. Doktor ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfinmu, a sa masa ruwa a wuce da shi Maraɗi.

Ni na riƙe kan gadon ɗaukarsa muna sa shi a mota. Yana cikin hayyacinsa, gumi yana keto masa. Ya kamo hannun rigata ya ce, "Majo, wallahi ban juya ba. Ko sau guda ban juya ba." Yana ba ni haƙuri ne, kada in zaci ya saɓa umarnina.

Doktor tana tsaye ta ji. Da mota ta tashi ta ce in same ta a ofis. Ta tambaye ni juyawar me yake nufi. Na so in yi kwana-kwana, bakina ya ƙi. Na faɗa mata komai, har da abin da Hajiya ta ce da abin da na mayar mata. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta aika aka karɓo jakar daga gidan, ta zauna ta karanta takardar nan shafi uku, tana bi da biro. Sannan ta juyo da ita wajena ta nuna mini layi guda. Likitan can ya rubuta cewa mutumin nan a gefensa na dama ya kwana tun farkon gwaji har ƙarshe, don haka ƙarfin iskar da aka saita na mai kwanciyar gefe ne, in zai riƙa kwana rigingine sai an sake gwaji.

Ta ce, "Majo, zauna in nuna maka." Ta zana mini a bayan takardar magani. In mutum ya kwanta rigingine, harshe da naman ganɗa baya suke zubewa su danne maƙogwaro, sai iska mai ƙarfi sosai ke iya ɗaga su. In ya kwanta ta gefe, gefe suke zubewa, hanya ta fi zama a buɗe, iska kaɗan ta isa. Takwas ɗin nan ta ishi Alhajin da ke kwance a dama, ba ta ishi Alhajin da ke rigingine ba. Ga shi kuma a rigingine baki yana saki ya buɗe, iskar da ta shiga ta hanci ta fice ta baki. Wato na toshe ƙaramin yoyon da ake ji da kunne, na mayar da mutumin cikin ciwonsa, da mashin a fuskarsa yana ta aiki a banza.

Na ce, "To Doktor, ita iskar da ke hura masa ido fa?"

Ta ce, "Wannan ban sani ba sai na ga inda yake kwana. Ka taɓa ganin shimfiɗarsa?" Na ce a'a. Ta ce ita ma ba ta taɓa sa wa kowa irin na'urar nan ba, a littafi ta karanta. Ta faɗi haka ne ba tare da ko ƙifta ido ba, ni kuwa kunya ta rufe ni har ƙafa.

Alhaji ya yi wata uku a Maraɗi. Da aka dawo da shi gida, muka je ni da Doktor bayan azahar, lokacin da ya saba ɗan kishingiɗawa. Hajiya ta yi mana iso har ɗaki. Abin da na fara gani a kan gadon ya tsaya mini a rai har yau: wasu dogayen matasai biyu na buhu, an cusa musu ƙaiƙayi an ɗinke, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na tambaya na mene ne. Hajiya ta ce, "Shi ya sa na ɗinka, tun ranar da munka dawo daga wurinka. Jikinshi ya saba da dama, cikin kwana sai shi juya bai sani ba. Shi ne ya ce a tokare shi." Da hannunta ta ɗinka abin da ta san yana cutar da mijinta, saboda Majo ya faɗa.

Doktor ta ɗauki matashin kansa ta matsa. Irin na fata ne na gargajiya, audugar rimin da ke ciki ta daɗe ta dunƙule ta yi tauri. Hajiya ta ce da ya dawo daga Jidda da wani mai laushi na soso ya zo, da zafi ya shigo ya ce yana sa shi gumi, ya koma wa tsohon nasa. Lokacin ne kuma shewar ta fara. Ba wanda ya tambaye su, su ma ba su ga haɗin ba. Fuska tana danne a kan matashi mai tauri, ga tafin hannu a ƙarƙashin kunci, sai gefen takunkumin ya turu, ɗaya gefen ya ɗaga, iska ta samu ƙofa ta nufi ido.

Gyaran bai ɗauki tsawon shan shayi ba. Ta sa ya matso da kansa bakin matashi yadda takunkumin zai leƙo waje ba abin da ke taɓa shi. Ta sa ya saukar da hannu ƙasa kaɗan, wajen muƙamuƙi. Ta sassauta maɗaurin da na tsuke, ta ce matsi da yawa lanƙwasa robar yake yi ya ci hanci. Ta sa aka kafa ƙusa a bango sama da kansa aka rataya tiyon, don kada nauyinsa ya riƙa jan takunkumin. Aka tayar da gurup. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi. Babu shewa, babu minshari, ƙirji yana hawa yana sauka. Hajiya ta tsaya tana kallonsa, hawaye yana zubo mata, ba ta share ba.

Sai dai a hagu ya kwanta. Ƙugun dama an haɗa shi da ƙarfe, ba ya ɗaukar nauyinsa, kuma bai sake ɗauka ba har ya bar duniya. Ƙafar ma ta gajarce ta sandare, ba ta iya taka birki. Ba sai sarkin tasha ya cire shi daga layi ba.

Da ya farka na roƙi Doktor ta ba mu wuri. Na durƙusa a gaban gadon, da farar rigata da furfurata, na faɗa masa gaskiya. Na ce ban san na'urar ba na yi kamar na sani, ban iya karanta takardar ba na yi kamar na iya, kwanciyar da na hana shi ita ce daidai, kuma Hajiya ta faɗa mini har sau biyu. Ya kawar da kai wajen bango. Can ya ce, "Tashi, Majo, kada yara su gan ka. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarshi. Kai dai alheri ka nuhwa." Na juya wajen Hajiya na ce ita ma ta yafe mini. Ta ce, "Allah shi yahe muna baki ɗaya." Ta tattara kofunan ruwa ta fita. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinta ba.

Doktor ba ta rubuta ni ba. Ta dai kafa doka cewa duk abin da ya shigo asibitin da ba mu saba gani ba, a kira kowa a duba tare, har ita. Ni ne na fi kowa bin dokar nan, har aka fara yi mini tsiya wai Majo ya zama ɗan makaranta.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Mu a aikin nan kullum kukanmu guda ne: mutanenmu ba su jin magana, an ba su magani na kwana bakwai sun sha na uku, an ce su dawo ba su dawo ba. Ni ma na yi wannan kukan shekara da shekaru. Amma wanda ba ya jin magana, in ka yi kuskure, taurin kansa yakan cece shi ya cece ka. Wanda ya kamata ku fi taka tsantsan a kansa shi ne mai jin magana, wanda zai bar abin da ya saba tun yana yaro, ya danne abin da jikinsa ke faɗa masa, ya ƙi sauraron matarsa, don kawai kun faɗa. Irinsu suna da yawa a ƙasar nan, sun fi yadda kuke zato. Kuma mu minti goma muke ganin mutum, a farke, a kan gadonmu. Mai kwana kusa da shi ta fi mu sanin yadda yake numfashi, in ta buɗe baki ku ajiye abin da ke hannunku.

'Yan tasha ba su yar da Alhaji Lawali ba. Suka ba shi benci da tebur a rumfa, yana rubuta sunayen fasinja yana tsara layin motoci, sandarsa a jingine. Hanyata ta zuwa aiki ta nan take bi, ba yadda zan kauce. Kullum sai ya ɗaga mini hannu. In wani direba ko fasinja ya yi kukan ciwo, sai in ji muryarsa har bakin titi yana cewa, "Tahi wurin Majo. Abin da ya ce maka dut, shi za ka yi." Shekara tara yana turo mini mutane da wannan kalmar, da zuciya ɗaya yake faɗinta, kuma ba a taɓa yin ranar da na ji ta ban tuna da dogayen matasai biyun nan na buhu ba.